Muhawara: Littafin Command Authority duba ya yi, ko marubucin ne ya iya karatun labarai?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da dare na gama wani littafin Turanci da na tsinta a wajen masu gwanjon littattafai, Command Authority, cikin jerin labaran Jack Ryan (tauraron da a wannan littafi shi ne shugaban Amurka) na marubuci Ba'amurke Tom Clancy. Ya haura shafi 700 amma kwana shida na cinye shi. Abin da ya hana ni barci shi ne ranar da aka buga shi. Disambar 2013 ya fito. A ciki shugaban Rasha, wani da suka sa wa suna Volodin, ya tura sojoji Yukren, kuma Kirimiya ce tsakiyar rikicin. To a zahiri fa, ranar 27 ga Fabrairun 2014 aka wayi gari da sojoji marasa tambari sun mamaye majalisar Kirimiya, ranar 18 ga Maris Putin ya sa hannu ta zama ta Rasha. Ko wata uku ba a cika ba tsakanin littafin da mamayar. Don Allah manya, mutumin nan asiri aka ba shi daga CIA, ko yaya abin yake?

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin wannan tambaya, don shekara talatin na yi ina koyar da tarihi kuma irinta nake so yara su yi. Ba asiri ba ne, ba duba ba ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda za ta ɓaci ma haka. Kirimiya a cikin Rasha take har 1954, lokacin da shugaban Sobiyet Khrushchev ya mayar da ita ƙarƙashin Yukren, alhali duk ƙasa ɗaya ce, Tarayyar Sobiyet, ba wanda ya ɗauki abin da nauyi. Da Tarayyar ta watse a 1991 sai rundunar ruwan Rasha ta Bahar Aswad ta tsinci kanta a Sebastopol, a ƙasar wasu, tana zaman haya. Wa'adin hayar 2017 zai ƙare, sai a 2010 shugaban Yukren na lokacin, Yanukovych, ya ƙara musu har 2042, aka rage wa Yukren kuɗin iskar gas. Ranar da majalisar Yukren ta amince da wannan yarjejeniya har ƙwai aka yi jifa da shi a zauren, aka tayar da hayaƙi. Kafin nan kuma, a watan Agustan 2008, Rasha ta shiga Jojiya, yaƙin kwana biyar, ta amince da Abkhaziya da Osetiya ta Kudu a matsayin ƙasashe. Duk wanda ya bi waɗannan, in aka ce masa ina ne wuta za ta tashi gaba, yatsansa Kirimiya zai nuna.

Ɗan Fagge: Baba na gode, ban san zancen hayar ba sam. Amma har da gubar fa? A littafin an sa wa wani tsohon shugaban leƙen asirin Rasha, Golovko, gubar poloniyom, ya faɗi a fadar White House bayan ya ci abinci da Ryan.

Baba Mai Ritaya: Wannan ai baya ya waiwaya, ba gaba ya hango ba. Alexander Litvinenko, tsohon jami'in FSB, hukumar tsaron cikin gida ta Rasha, da poloniyom 210 aka kashe shi a Landan a Nuwambar 2006, a cikin shayi aka zuba masa. Hotonsa a gadon asibiti ba gashi a kansa ya zaga duniya. Haka ma zancen ƙwace kamfanin wani attajiri da ɗan Ryan yake bincike a Landan, ka tuna da Khodorkovsky da aka kama a 2003 aka yayyaga kamfaninsa na mai, Yukos. Marubucin ya tattara abubuwan da suka riga suka faru ne ya canza musu suna.

Injiniya: Baba ya yi gaskiya, ni ma in ƙara ɗaya. Mutane suna ƙirga inda Clancy ya dace, ba sa ƙirga inda ya sha ƙasa. Kowa yana ambaton Debt of Honor na 1994, wanda a ƙarshensa wani matuƙi ɗan Japan ya kutsa da Boeing 747 cikin ginin majalisar Amurka ya hallaka shugaban ƙasa da yawancin 'yan majalisa, a ce ai ya hango harin 11 ga Satumbar 2001. To tun 1974 wani Ba'amurke, Samuel Byck, ya yi yunƙurin sace jirgi a filin jirgin Baltimore don ya faɗa wa White House ya kashe shugaba Nixon. Baltimore kuwa garin su Clancy ne, nan aka haife shi a 1947. Sannan ku ɗauki The Bear and the Dragon na 2000. A can China ce ta auka wa Saiberiya saboda zinare da man fetur, Ryan ya shigar da Rasha cikin NATO, sojan Amurka suka taya ta yaƙi. Yau ku dubi Mosko da Beijin, ku dubi Mosko da NATO. Ba wanda yake kawo wannan littafi in ana zancen hangen nesa.

Hajiya Malama: Sannunku da hira. Ni abin da ya dame ni daban ne, Ɗan Fagge. Ka ce littafin Tom Clancy, ka duba bangon da kyau? Clancy ya rasu ranar 1 ga Oktoban 2013, wata biyu kafin littafin ya fito, kuma a ƙasan sunansa akwai na Mark Greaney da ƙananan haruffa. Wannan dai a iya cewa yana raye aka rubuta shi. Amma waɗanda suka biyo baya fa? Greaney ya ci gaba shi kaɗai har 2016, Marc Cameron ya karɓa a 2017, a 2024 wasu mutum biyu, Andrews da Wilson, suka fitar da Act of Defiance. Banda reshen labaran ɗan Ryan da wasu marubutan daban suke yi. Duk a bango sunan mamacin ne ya cika rabin shafi. Ni a wurina wannan rashin amana ne ga mai saye, kuma rashin amana ne ga mamaci, don ana sa masa magana a baki ba shi da halin cewa a'a.

Auta: Hajiya ina kwana. Ni ina ganin ba yaudara a ciki tunda sunan wanda ya rubuta yana nan a bango, ba a ɓoye ba. Kamar gidan makaɗi ne, in uba ya rasu ɗa ko babban ɗan amshi ya ɗauki kayan kiɗa, ana ci gaba da kiran gidan da sunan uban, kuma kowa ya san ba shi ne ke rerawa ba.

Hajiya Malama: Auta, ɗan amshi ya yi shekara ashirin a bayan maigidansa, ya sha rana da shi, ya ji yadda yake numfashi kafin ya ɗauki baiti. A cikin waɗanda na ambata, Greaney kaɗai zan iya ba wannan matsayi, don shi ya yi littafi uku da Clancy yana raye, Locked On a 2011, Threat Vector a 2012, sai wannan. Sauran kamfanin buga littafi da magada ne suka ɗauko su aiki. Kuma ka duba abin da ya jawo wa labarin kansa. Ryan a littattafan farko haifaffen 1950 ne. Ya hau mulki a ƙarshen littafin 1994, ya sauka, ya dawo a na 2011, har a na 2024 yana kan kujera. Tsarin mulkin Amurka sau biyu kawai ya yarda a zaɓi mutum. An daskarar da lokaci don kada kasuwa ta mutu. Marubucin da ya haifi tauraro shi ne kaɗai yake da ƙarfin halin barinsa ya tsufa ko ya mutu, ɗan haya ba zai iya ba.

Auta: Wannan na shekarun kam ban taɓa lissafawa ba, na karɓa. Amma zancen amana ban sauka ba tukuna Hajiya. Ni na Cameron na fara karantawa kafin na san akwai na asali, kuma shi ya kai ni gare su.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ku ba baƙonku na ƙetaren iyaka wuri. Mu a Nijar ba Clancy muka taso da shi ba, SAS muka taso da shi, jerin littattafan leƙen asiri na Bafaranshe Gérard de Villiers. Duk inda aka kasa littattafai a ƙasa, Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, sai ka ga baƙin bangon nan. Tauraronsa Malko Linge, ɗan sarautar Ostiriya mai yi wa CIA aikin kwangila don ya samu kuɗin gyaran gidan gadonsu. Daga 1965 ya fara, ya rubuta 200 cif, kuma abin mamaki shi ma Oktoban 2013 ya rasu, ranar 31, wata ɗaya da Clancy. Shi ma an yi ta cewa yana duba. Les Fous de Benghazi ya fito a 2012, ya yi bayanin sansanin CIA a Bengazi watanni kafin harin Satumba da ya kashe jakadan Amurka Stevens. Panique à Bamako shi ma 2012, kafin Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013. Bambancinsa da Clancy, shi tsohon ɗan jarida ne mai zuwa wurin da ƙafarsa, ya zauna da jami'an leƙen asiri da na diflomasiyya, su faɗa masa abin da ba za su iya faɗa da sunansu ba. Don haka tambayar Ɗan Fagge ta farko ba banza ba ce, wani lokaci akan tsegunta wa marubuci. Sai dai ban ce wa kowa ya nemi SAS ba, batsa ta yi masa yawa, kuma yadda yake siffanta baƙar fata da Larabawa akwai raini ƙarara.

Baba Mai Ritaya: Madalla da kai Na Damagaram, ka kawo abin da ban sani ba. Clancy kam ba ɗan jarida ba ne, ba kuma soja ba, raunin ido ya hana shi shiga soja. Dillalin inshora ne a jihar Maryland. The Hunt for Red October da ya fito da shi a 1984, maɗaba'ar cibiyar sojan ruwa ta Annapolis ce ta saya dala 5,000, sai shugaba Reagan ya yaba masa a bainar jama'a kasuwa ta buɗe. Bayanan jirgin ƙarƙashin teku da suka ba manyan hafsoshi mamaki, daga mujallu da littattafan da kowa zai iya saye ya tsinto su, da hira da waɗanda suka yi aiki a jiragen. Bayan ya yi suna ne ƙofofin soja suka buɗe masa, har ya rubuta littattafan da ba na ƙirƙira ba tare da janar-janar.

Ɗan Sabon Gari: Ku yi haƙuri in shigo da zafi. Ni duk wannan yabo bai shige ni ba. Littattafan nan farfaganda ce tsantsa. Kullum Amurka ce mai gaskiya, kullum wani ne mugu, yau Rasha, gobe China, jibi Musulmi. A The Sum of All Fears Falasɗinawa ne suka tayar da bam ɗin nukiliya a filin wasa a Denver. A Executive Orders malamin Iran ne ya watsa cutar Ebola a Amurka. Shi wannan Command Authority ɗin, ya gaya muku NATO ta haɗiye Poland da Hangari da Cek a 1999, ta ƙara ƙasashe bakwai a 2004 har da Estoniya da ke bakin ƙofar Rasha? Ya gaya muku a taron Bukarest na 2008 an ce Yukren da Jojiya za su shiga? Ina littafin Ryan a kan Iraƙi 2003? Ina na Libiya 2011, wadda makamanta suka kwararo mana Sahel har yau muna binne mutane?

Na Damagaram: Zancen Libiya kam ɗan'uwa, mu ne shaida, ba sai an gaya mana ba.

Hajiya Malama: Ɗan Sabon Gari, rabin maganarka ina tare da kai. Littafin ido ɗaya gare shi, na Washington. Amma a yi wa mamaci adalci a abu guda. Ranar 11 ga Satumbar 2001 da CNN ta kira Clancy, a lokacin da hayaƙi bai lafa ba kuma kowa neman wanda zai zaga yake, ya ce Musulunci bai halatta mutum ya kashe kansa ba, ya ja kunnen mutane kada su ɗora wa addini laifin. Ba kowane Ba'amurke mai suna ne ya iya faɗin haka a ranar ba. Wannan bai wanke littattafan ba, amma ya kamata a sani.

Baba Mai Ritaya: Ɗana na Sabon Gari, kwanakin da ka kawo duk daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma in za mu zargi littafi da ɓoye rabin tarihi, kada mu ma mu ɓoye ɗaya rabin. A Disambar 1994 a Budafes, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokin Yukren, ita kuma ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyet. Ta miƙa. Shekara 20 ba ta cika ba aka yanke mata Kirimiya. Estoniya kuwa ba kama ta aka yi aka tura NATO ba, da gudu ta je, don Stalin ya haɗiye ta a 1940 an kwashe dubban mutanenta zuwa Saiberiya. Zaluncin Bagadaza ba ya halatta zaluncin Mariupol, birnin Yukren da Rasha ta ragargaza. Mu da muka san ɗacin mulkin mallaka bai kamata mu ga babba ya danne ƙarami mu yi tafi don kawai babban yana gaba da wanda muke jin haushi ba.

Ɗan Sabon Gari: Baba ban yi tafi ba wallahi. Cewa nake wanda zai karanta ya san hannun wa ke riƙe da alƙalamin.

Baba Mai Ritaya: A nan mun haɗu, Allah ya yi maka albarka.

Injiniya: Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri zan fasa ƙwai. Ni inda littafin ya fi ba ni haushi ba siyasarsa ba ce, ƙarshensa ne. Yadda yaƙin ya tsaya shi ne, Ryan uba da ɗa suka tono cewa Talanov, shugaban leƙen asirin Volodin, shi ne wani makashin KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, da ake kira Zenith shekara 30 baya, kuma yana da hannu a ƙungiyar 'yan daba da kuɗin da aka ɓoye a bankunan waje. Ryan ya riƙe wannan ya matsa wa Volodin, tankoki suka tsaya ba su kai Kiyef ba. Wato asiri ɗaya, kiran waya ɗaya, yaƙi ya mutu. To a duniyar gaske an gwada wannan. Kafin 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta auka wa Yukren gaba ɗaya, Amurka da Birtaniya sun yi makonni suna fallasa bayanan leƙen asiri a fili, suna cewa ga sojojin, ga shirin, ga abin da za a fake da shi. Bai hana komai ba. Binciken Birtaniya a 2016 ya ce mai yiwuwa ne Putin ya amince da kisan Litvinenko, shi ma bai girgiza kujerarsa ba. Littafin ya ɗauka mai mulki yana jin kunyar a tona shi. Abin da ya tsayar da tankoki a hanyar Kiyef a 2022 mutanen Yukren ne, a Hostomel da Irpin, da gadojin da suka karya da hannunsu. Su kuwa a littafin kusan ba su da fuska. Ƙasarsu fili ce kawai da jaruman Amurka na littafin, John Clark da Chavez, suke wasa a kai.

Ɗan Fagge: Yaya Injiniya wannan ta taɓa ni. Yanzu na rufe ido ina neman sunan ɗan Yukren ɗaya da ya zauna mini a rai daga littafin, ban samu ba. Na Amurkawa kuwa har irin bindigar da kowa ya riƙe na tuna.

Uwar Biyu: Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ɗan yayata yana karatun likita a Sumy ta Yukren lokacin da yaƙin ya tashi. Kusan mako biyu suna ɓuya a ƙarƙashin ginin kwanan ɗalibai, ruwa ya yanke har ƙanƙarar da ta zubo suke narkarwa su sha, mu nan ba mai iya cin abinci sai mun ji muryarsa. Da ya dawo gida ba ya son ƙarar rufe ƙofa. Mahaifinsa mai son irin waɗannan littattafai ne, yana da su cike da kabad, amma tun daga lokacin bai sake buɗe na yaƙi ba. Ban ce kada a karanta ba. Amma a cikin shafi 700 ɗin nan, Ɗan Fagge, akwai shafi ɗaya na wanda ke zaune a ƙarƙashin gini yana jiran a bar shi ya fita?

Ɗan Fagge: Babu irin wannan Anti, gaskiya. Akwai inda aka kewaye wani gidan CIA a Sebastopol, mutanen ciki suna jiran a zo a kwashe su, amma su ma masu bindiga ne, kuma an san za a zo. Allah ya ba ɗan namu lafiya ya cire masa firgicin.

Uwar Biyu: Amin, na gode. Ya samu gurbi ya ci gaba da karatunsa, alhamdu lillahi.

Hajiya Malama: Amin ya Allah. Uwar Biyu ki gaishe mana da yayarki. Ni ma ina da ɗaliba da abin ya rutsa da ita ta iyakar Poland, kwana uku a tsaye cikin sanyi.

Auta: Allah ya kyauta. To Baba, tambaya ta ƙarshe daga ni. Wanda yake son ya fara jerin, daga ina zai kama? Don na ga wasu suna cewa a bi shekarar bugu, wasu suna cewa a bi shekarun Ryan.

Baba Mai Ritaya: Bi shekarar bugu, Auta. Fara da na 1984, kuma kada ka tsallake The Cardinal of the Kremlin na 1988, don a can za ka san Golovko tun yana abokin hamayya a KGB, sai mutuwarsa a littafin Ɗan Fagge ta yi maka nauyin da ya kamata. Kuma ka ajiye taswira kusa da kai, duk garin da aka ambata ka nemo shi, duk abin da aka ce ya faru ka bincika ko ya faru.

Na Damagaram: Ɗan Fagge, in ba ka yi alkawarinsa ga wani ba, ina shigowa Kano sarin kaya a Kwari mako mai zuwa. Turancina ba shi da ƙarfi amma zan lallaɓa da ƙamus, ina son in gwada shi da na de Villiers na ƙarshe, don shi ma a kan Kremlin ya rubuta.

Ɗan Fagge: Naka ne Yaya. Bangon baya ya yage kuma shafi biyu sun fita wajen tsakiya, daidai inda Ryan yake Suwizalan, amma zan ba ka labarin abin da ke ciki in mun haɗu. Ka yi mini magana ta akwati in ka iso.